Aikin Likita na Gina Mazakuta da Sakamakonsa



Maganar da aka ɗora mini yau tana cikin irin waɗanda Bahaushe ba ya yi a gaban suruki, balle a gaban taro, saboda haka ina neman iznin manya tun da fari. Sai dai malamanmu na fiƙihu sun riga sun share mana hanya, gama a zaurukansu ana karanta babin wanka da na kaciya da na gado ba tare da an rufe baki ba, kuma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan yi bayani a kan tiyatar da likitoci ke kira faloplasti, watau gina mazakuta da naman jikin mutum: yadda ta faro, yadda ake yin ta, abin da aka gani a jikin waɗanda aka yi wa, sa'an nan da darasin da ke ciki ga mutumin Mada, ko na Tsafe, ko na Bungudu, wanda asibitin ƙwararru ya yi wa nisa.

WAƊANDA AKE YI WA

Mutanen da akan yi wa wannan aiki sun kasu uku. Kashi na farko su ne maza da suka rasa mazakutarsu bayan an haife su da ita, ko dai wajen kaciya, ko a haɗarin mota ko na inji, ko da harsashi, ko da ƙuna, ko kuwa ciwon daji ya ci wurin har ya zama tilas a yanke. Kashi na biyu su ne waɗanda aka haifa da tawaya a halittar wurin, ciki har da wasu daga cikin mata-maza, waɗanda littattafan fiƙihu ke kira hunsa. Masu karatun zaure sun san cewa Muhtasar na Shehu Halil da mas'alar gadon irin wannan mutum ya rufe, wanda ke nuna al'amarin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Kashi na uku su ne waɗanda aka haifa da cikakkiyar halittar mace, amma tun suna ƙanana suke jin kansu maza, har suka girma suna rayuwa a matsayin maza, suka nemi likita ya daidaita jikinsu da haka. Malaman Musulunci ba su haɗu a kan hukunci ɗaya game da su ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1989, ta halatta gyara ga mata-maza, ta hana sauya jinsin wanda halittarsa ta cika, kuma a kan wannan ra'ayi malaman ƙasarmu suke. A Iran kuwa, fatawar Ayatullahi Humaini ta ba da izni, ana kuma yin aikin a can tun shekarun 1980. Dalilin da ya sa dole mu ambaci wannan kashi shi ne, mafi yawan ƙididdigar da duniya ke da ita a kan sakamakon wannan tiyata daga jikinsu aka samo ta, domin su ne aka fi yi wa a Turai da Amurka. Likitan da zai gyara yaron da aka lahanta wajen kaciya, a kan wannan ƙididdiga zai dogara in zai gaya wa iyaye gaskiya.

TARIHIN AIKIN

Wanda ya fara gina mazakuta sukutum shi ne wani likitan Rasha, Nikolai Bogoraz, a 1936. Ya naɗe fatar ciki kamar tabarma, ya sa guringuntsin haƙarƙari a tsakiya don ta yi ƙarfi. Bayansa sai Harold Gillies, mutumin New Zealand da ya yi suna a Ingila wajen gyaran fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Farko. Tsakanin 1946 da 1949 ya yi wa Michael Dillon, wanda aka haifa mace kuma yake karatun likita a Dublin a lokacin, tiyata har sau 13 kafin a kammala. Dabarar wancan zamani ita ce a naɗe fata, a bar ƙarshenta biyu manne da jiki kamar hannun jaka, bayan makonni a yanke ƙarshe ɗaya a dasa shi gaba, a yi ta matsawa da ita har ta iso inda ake so. Aikin yakan ci shekaru, abin da aka gina kuwa ba ya jin taɓi sosai.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ɗinkin jijiyoyi ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu. A farkon shekarun 1980 likitocin ƙasar Sin suka nuna ana iya ɗauke fatar hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyansa, tare da jijiyoyinta, a kai ta wani wuri a jiki ta rayu. A 1984 wasu likitoci biyu na can, Chang da Hwang, suka bayyana yadda suka gina mazakuta da hanyar fitsarinta da wannan fata a zama ɗaya. Har yau wannan hanya ce aka fi bi, sai kuma ta fatar gefen cinya, da ta naman baya.

YADDA AKE YI

Likita yakan zana faffaɗar fata a hannun da mutum ba ya yawan aiki da shi, bayan ya tabbatar jijiyar jini ɗaya da za ta rage ta isa ta ciyar da tafin hannu. Sai ya ɗaga fatar tare da babbar jijiyar da ke kawo mata jini, da waɗanda ke mayar da shi, da jijiyoyin jin taɓi. Wani siririn yanki nata a naɗe shi ciki ya zama bututun fitsari, sauran kuma a naɗe shi a kansa, watau bututu cikin bututu ke nan. Daga nan a kai shi mazauninsa, a ɗinka jijiyoyinsa da na matsematsi da zaren da ya fi gashin kai siranta. Hannun kuma a rufe shi da fata marar kauri da aka sheme daga cinya. Wannan zama kaɗai yakan cinye yini, da ƙungiyar likitoci biyu suna aiki tare.

Kada a ɗauka an gama daga nan. Jijiyar jin taɓi tana tsirowa ne kimanin milimita 1 a rana, saboda haka sai an yi watanni kafin wurin ya fara ji. Fatar hannu kuwa ba ta da irin soson naman da ke cika da jini ya miƙar da mazakuta, don haka wanda yake bukatar saduwa sai an sa masa na'ura a ciki, ko sanda mai lanƙwasuwa ko bututun da ake hurawa da ruwa. Ba a sa ta sai wurin ya fara jin zafi, galibi bayan shekara guda, domin in ba ya ji, na'urar na iya huda fata mai ita bai sani ba.

SAKAMAKO

Ana auna nasarar wannan aiki da abubuwa biyar: ko naman ya rayu, ko ana fitsari a tsaye ba wahala, ko wurin yana ji, ko saduwa tana yiwuwa, da kuma halin da aka bar hannun da aka ɗebo fata.

Game da rayuwar naman, labari mai daɗi ne. Likitocin asibitin jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin Stan Monstrey, sun buga rahoto a 2009 a kan mutum 287 da suka yi wa aikin da fatar hannu, kusan dukkansu daga kashi na uku. Biyu ne kawai naman ya mutu gaba ɗaya. An dai yi ta komawa da waɗansu ɗakin tiyata cikin gaggawa a kwanakin farko saboda jini ya daskare a mahaɗar jijiya, kuma a wasu gefen fatar ya mutu an gyara. Shan taba yana cikin manyan abubuwan da ke jawo haka, shi ya sa likitoci kan ƙi taɓa mutum sai ya bar ta.

Inda gizo ke saƙa shi ne hanyar fitsari. A cikin waɗannan mutane 287, kashi 41 cikin 100 sun sami matsala a nan, ko yoyo, ko tsukewa, ko duka biyu. Dalilin a fili yake. Hanyar fitsarin mace kimanin santimita 4 ce, ta namiji kuwa ta kai 18 zuwa 20, saboda haka sai an ƙara doguwar hanya da fata, kuma kowace mahaɗa wuri ne da ɗinki zai iya buɗewa fitsari ya riƙa fita ta gefe, ko tabo ya shaƙe shi ya kasa wucewa. Mutanen ƙasar nan sun san azabar yoyon fitsari a jikin matan da naƙuda ta wahalar, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Yoyo da yawa sukan toshe da kansu in an bar robar fitsari ta daɗe, amma tsukewa sai an sake yanka, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Saboda wannan ne waɗansu ke zaɓar a gina musu mazakutar ba tare da an ƙara hanyar fitsari ba, su haƙura da fitsari a tsugune.

Jin taɓi yakan dawo ga mafi yawa, ko da yake bai cika kai na asali ba, kuma fatar hannu ta fi ta cinya a nan domin ta fi siranta da yawan jijiyoyi. Na'urar miƙewa kuwa ita ce matsala ta biyu. A 2010 likitocin Gent ɗin nan, ƙarƙashin Piet Hoebeke, sun ba da rahoton mutum 129 da aka sa wa ita, kuma kimanin kashi 41 cikin 100 sai da aka cire ko aka gyara, saboda ƙwayoyin cuta, ko hudar fata, ko lalacewar na'urar kanta. Namijin da ya rasa tasa a haɗari ya fi sa'a a wannan fuska, domin tushen soson naman yana nan manne da ƙashi, akwai inda za a kafa na'urar, kuma hanyar fitsarin da za a ƙara masa ba ta kai wancan tsawo ba. In marainansa suna nan lafiya, ƙwayar haihuwarsa ma tana nan. Abin da aka gina kuwa, shi kansa ba ya samar da ƙwayar haihuwa ga kowa.

Hannu yakan rage da babban tabo wanda ba ya ɓoyuwa, wasu kuma sukan yi fama da kumburi ko sagewar fata, amma galibi ƙarfin hannun yana dawowa.

Abin mamaki shi ne, duk da waɗannan wahalhalu, yawancin waɗanda aka tambaya sukan ce sun gamsu. Wani babban bincike na asibitin Amsterdam da aka buga a 2018, wanda ya bi bayan masu sauya jinsi daga 1972 zuwa 2015, ya sami cewa waɗanda suka yi nadama bayan an cire musu ƙwan haihuwa ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ɗalibi mai lura ya kamata ya riƙe abu biyu a nan. Na farko, wannan adadi a kan cire ƙwan haihuwa yake, ba a kan gina mazakuta ba. Na biyu, mafi yawan rahotannin wannan fanni likitocin da suka yi aikin ne suka rubuta su, kowane asibiti da ma'auninsa, kuma wanda ya daina zuwa asibiti ba ya shiga lissafi. Wannan kuwa a ƙasashen da ke da inshorar lafiya ne, inda wanda ɗinkinsa ya buɗe zai koma gobe a duba shi ba tare da ya sayar da gona ba.

MAYARWA DA DASHE

Akwai hanyoyi biyu ban da gini. Ta farko ita ce mayar da abin da ya yanke. Tun 1977 aka fara ɗinka mazakutar da ta guntule tare da jijiyoyinta ƙarƙashin madubi, kuma in an yi shi da wuri sakamakonsa ya fi na kowane gini nesa ba kusa ba, domin naman asali ne da sosonsa da hanyar fitsarinsa. Ta biyu ita ce dashe daga jikin mamaci. An gwada a Guangzhou ta ƙasar Sin, aka cire bayan mako biyu. Wanda ya fara yin nasara a nahiyarmu aka yi shi, a Asibitin Tygerberg na Afirka ta Kudu, cikin Disamba 2014, inda Farfesa André van der Merwe da abokan aikinsa suka yi awa 9 a kan wani saurayi ɗan shekara 21 da ya rasa tasa sanadin kaciyar gargajiya. Amurka ta biyo baya a Boston a 2016, sai asibitin Johns Hopkins a 2018 ga wani soja da bam ya raunata a Afganistan. Amma dashen da aka yi a duniya duka bai wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma wanda aka yi wa sai ya sha maganin danne garkuwar jiki muddin ransa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Yanzu bari mu dawo gida. A ƙasar Hausa an saba yi wa yara kaciya da ɗari, bayan kaka, suna 'yan shekara bakwai ko kusa da haka, a hannun wanzami, ko da yake yanzu da yawa sun koma yi wa jarirai a asibiti ko a ɗakin shan magani. Mafi yawa ana tashi lafiya. Amma wani bincike da aka buga a 2006 a kan jarirai a Ibadan ya sami matsala a kimanin kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka yi wa, yawancinta ƙarama ce kamar rage fata ko ɗibar ta da yawa, amma biyu daga cikinsu an guntule musu kan mazakuta. Abin lura kuwa shi ne, mafi yawan waɗannan kaciyoyi ma'aikatan lafiya ne suka yi su. Ashe ke nan laifin na rashin horo ne, ko aska ce a hannun mutum ko almakashi.

Mu ɗauka haka ta faru da wani yaro a ƙauyen da ke gefen Mada. Naman da ya rabu da jiki yakan fara lalacewa bayan kimanin awa 6 in an bar shi cikin zafi, amma in an sanyaya shi yadda ya kamata yana iya ninka wannan lokaci. Abin yi shi ne a danne ciwon da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka ko garin magani ko kashin dabba. Yankin da ya fita a ɗauraye shi da ruwan gishirin asibiti, ko ruwa mai tsabta, a naɗe shi a ƙyalle mai laima, a sa a leda a ɗaure, sa'an nan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kanta. Daga nan sai Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a tsayar da jini, in ya fi ƙarfinsu su tura Sakkwato ta hanyar Bungudu da Talatar Mafara, tafiyar kimanin kilomita 200, ko Shika ta Zariya ta hanyar Tsafe da Funtuwa. Kowa a ɗakin nan ya san halin da ɓarayin daji suka jefa waɗannan hanyoyi da dare, don haka kaciyar da za a yi, a yi ta da safe. Babban abin da ke cinye waɗannan awoyi kuwa shi ne kunya: mai aska yana tsoron hukuma, uba yana tsoron bakin mutane, a yi ta ɓoyo har wurin ya ruɓe.

Akwai yaran da bai kamata a yi musu kaciya a gida ba sam. Wanda kafar fitsarinsa take ƙasan mazakuta maimakon a baki, abin da akan samu a kimanin yaro 1 cikin 200 zuwa 300, da loɓarsa ake gyara masa hanya, in an yanke ta an zubar da kayan aiki. Haka kuma wanda ake da tarihin zubar jini marar tsayawa a danginsa, musamman wajen kawunansa na uwa. Haka jaririn da ungozoma ta kasa cewa mace ne ko namiji. Wannan na ƙarshe a kai shi asibiti kafin suna, domin mafi yawan sanadin haka ciwo ne na wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda, wanda kan sa 'ya mace ta yi kama da namiji, kuma wani nau'insa yana zubar da gishirin jiki har ya kashe jariri cikin makonnin farko. In an bari, sai yaron da aka raina a matsayin namiji ya balaga ya fara ƙirgen dangi da jinin al'ada, a lokacin da gyara ya yi wuya ga jiki da zuciya duka. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, Farfesa Isma'ila Mungadi da abokan aikinsa sun yi suna wajen tiyatar mata-maza da gyaran hanyar fitsari da fatar cikin kunci, saboda haka ba sai an tsallaka teku ba kafin a sami mai dubawa.

Gargaɗi ɗaya ga likitocinmu na gobe. A 1966, a Winnipeg ta Kanada, na'urar ƙona nama ta lalata mazakutar wani jariri, David Reimer, wajen kaciya. Bisa shawarar wani masanin halayyar ɗan Adam, John Money, aka cire masa maraina aka raine shi a matsayin mace, da zaton tarbiyya kaɗai za ta mayar da shi haka. Bai taɓa yarda ba. Da aka gaya masa gaskiya yana matashi ya koma namiji, aka yi masa tiyatar gini, kuma ya kashe kansa a 2004. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Tun daga wannan likitoci suka ƙara taka-tsantsan wajen yanke abin da ba ya dawowa a jikin yaron da bai isa ya faɗi ra'ayinsa ba.

KAMMALAWA

Shugaban taro, abin da shekaru fiye da 80 na wannan aiki suka nuna shi ne, likita na iya gina mazakutar da za ta rayu, ta ji taɓi, a yi fitsari da ita a tsaye, amma sai an shiga ɗakin tiyata sau da dama, kuma ko a asibitin da ya fi ƙwarewa kimanin 4 cikin 10 za su yi fama da hanyar fitsari. Duk wanda za a yi wa, daga kowane kashi yake, haƙƙinsa ne a gaya masa waɗannan alƙaluma kafin ya sa hannu.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke nan, roƙona uku ne. A tara wanzamai ta hannun sarakunan askarsu, tare da ma'aikatan ɗakunan shan magani na Mada da Tsafe da Bungudu, a koya musu yaran da ba a taɓawa da abin yi in tsautsayi ya auku. A tabbatar musu cewa wanda ya garzaya da yaro asibiti za a dube shi da ido dabam da wanda ya ɓoye. Sa'an nan asibitocinmu su riƙa rubuta kowane raunin kaciya da ya zo musu, domin mu ma mu sami ƙididdigar kanmu, mu daina aron ta Ibadan da ta Beljiyam. Ɗalibai kuwa, in kun koma gida hutu da ɗari, ku gaya wa iyayenku zancen leda da ruwan ƙanƙara. Rigakafi ya fi magani.